Na Rabu da RX-8, Na Karɓi Tsohuwar MX-5: Amsoshin Tambayoyin da Ake Yi Mini a Yamai

Tun ranar da aka daina ganin jar motar nan a ƙofar gidana ban huta da tambaya ba. A fada ana yi mini, a bakin masallaci bayan la'asar ana yi, har mai facin taya na kan hanyarmu sai da ya tsayar da ni ya ce, "Alhaji, ina mai kukan nan take?" Shekara shida muka yi da Mazda RX-8 ƙirar 2005. Yanzu MX-5 ƙirar 2008 nake ja, mai kujera biyu da rufin tamfol, wadda ta sha hannu kafin ta zo gare ni. Bakina ya gaji da maimaita zance ɗaya, shi ya sa na tattara tambayoyin wuri guda.

Wai mene ne a cikin injin RX-8 da babu a sauran motoci?

Gara ka tambayi abin da babu a cikinsa: fistan. A injin Corolla ko Hilux, fistan ne ke hawa da sauka kamar taɓarya a turmi, sannan a mayar da wannan dakan ya zama juyi. Injin RX-8 kuwa, wanda ake kira rotari, juyawa yake yi tun daga farko. A cikinsa akwai ɗaki mai siffar kwanson gyaɗa mai 'ya'ya biyu, a cikin ɗakin kuma wani ƙarfe mai kusurwa uku, gefunansa a kumbure kamar layar da aka cusa sosai. Shi ake kira rota. Yana zagaya ɗakin, kusurwowinsa na gugar bango, kowane gefe na kan nasa aikin: wannan na zuƙar iska da fetur, wancan na matsawa ya kama wuta, na ukun na korar hayaƙi. Rota ya zagaya sau ɗaya, sandar da ke tsakiya ta juya sau uku.

Rota biyu ne a RX-8, kowanne cc 654, duka 1,308. A takarda, girman injin ƙaramar tasi ke nan. Amma tawa mai giya shida ƙarfin doki 231 gare ta, tana kai juyi 9,000 a minti. Da yake ba ta girgiza, ba ka sanin ka kai maƙura, don haka aka sa mata wata 'yar ƙara mai tuna maka ka canza giya. Ranar da na fara jin ƙarar nan, a hanyar Dosso da sassafe, ni kaɗai na riƙa dariya cikin mota.

Dabarar ta wani Bajamushe ce, Felix Wankel. Kamfanin NSU na Jamus ne ya fara sa ta a mota, Mazda na birnin Hiroshima ya sayi izinin ƙera ta a 1961, ya fitar da Cosmo Sport a 1967. Sauran kamfanoni sun gwada sun watsar, Mazda ya nace. Ya yi RX-7 daga 1978 zuwa 2002, ya ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa a 1991 da mota mai rota huɗu, 787B, karon farko da motar Japan ta ci. RX-8 ce autar motocin da rotari ke ja kai tsaye: 2003 zuwa 2012.

To in haka take, me ya raba ku?

Lissafi. Wani dare na zauna na ƙirga kwanakin da ta yi a rufe da tamfol cikin shekararta ta ƙarshe a hannuna, na ga sun fi waɗanda ta yi a kan hanya. Tana jiran kaya, ko tana jiran kuɗin kaya, ko kuma ni ina tsoron fita da ita.

Tsoron nan abu biyu ne suka shuka shi. Na farko, safiyar wani ɗaurin aure. Maƙwabcina ya ƙwanƙwasa ƙofa in matsar da mota zai fita. Na tayar da ita, na ja baya kamar taku goma, na kashe. Bayan na yi wanka na sa babbar riga, na murza makulli, sai kirrr, kirrr, babu labari. Haka halin rotari yake: in ka kashe shi da sanyinsa, ɗanyen fetur ya kwanta a ɗakin, ya jiƙa buji, ya wanke man da ke riƙe matsi. Maganinsa ka danne totur har ƙasa kana murza makulli, don hakan na yanke fetur har ɗakin ya bushe. Na yi, na sake yi, batir ya mutu. A bayan kabu-kabu na isa, na tarar ana raba goro.

Na biyu ya fi muni, don shi ba kuskurena ba ne. Cikin watan Afrilu, da rana tsaka, na sha mai a wani gidan mai a Harobanda, na biya, mota ta ƙi tashi. Da safe tana tashi bugu ɗaya, amma in ta yi zafi sai ta ƙi. Duk mai rotari ya san fassarar wannan: matsi ya ragu. A bakin kowace kusurwar rota akwai wani siririn ƙarfe mai aikin ringi, shi ke toshe tsakanin rota da bango. In ya cinye, kuma zafi ya sa ƙarfe ya buɗa, ɗan matsin da ya rage sai ya zurare. Masu faba-faba na ta danna mini oda, yaran gidan man suka tura ni gefe, na buɗe bonet na zauna a inuwa kusan rabin awa. Da ta huce ta tashi kamar ba ita ba. Daga ranar na daina kashe ta a inda zan ji kunya, kuma mutum ba ya rayuwa haka da mota.

Zafin Yamai da ƙura ne suka kashe ta?

Sun taimaka, amma ba zan ɗora musu laifin duka ba. Ko a Turai, inda babu hunturu irin namu, injin RX-8 ya yi suna wajen gajiya da wuri. Abin da ƙasarmu ta ƙara shi ne gaggawa. Rotari inji ne mai zafi tun asali, ga mu da digiri 45 a bazara. Ƙurar da ta kuɓuce wa matatar iska kuwa kai tsaye take zuwa inda siraran ƙarafan nan ke guga.

Akwai kuma wani maƙiyin da ban gane ba sai da lokaci ya ƙure: gajeriyar tafiya. Daga gida zuwa wurin aiki, cikin cunkoso, a giya biyu. Rotari yana son a buɗe masa wuta ya ƙone dattin da ke taruwa a cikinsa. Lallaɓawar da nake yi mata don ƙauna, ashe cutar da ita nake.

Gaskiya ne tana shan baƙin mai?

Tana sha, kuma da gangan aka yi ta haka. Akwai ɗan famfon da ke ɗiga baƙin mai cikin ɗakin rota don ya shafa wa ƙarafan kusurwa, ya ƙone tare da fetur. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Duk shan mai na biyu sai na zaro ma'auni na duba, kuma galan bai taɓa barin but ɗina ba. Har man babur mai hayaƙi nake ɗan zubawa a tanki, kamar yadda masu rotari da yawa ke yi don ƙarin kariya. Wani yaron gidan mai ya taɓa riƙe mini hannu ya ce, "Baba, wannan na babur ne fa!"

Fetur fa?

A cikin gari tawa ba ta sauka ƙasa da lita 15 a kilomita 100. Da gwamnati ta rage kuɗin lita daga sefa 540 zuwa 499 a 2024, a fada aka ce don ni aka yi. Da aka shiga ƙarancin mai a watan Maris na 2025 kuwa, ajiye ta na yi, don bin layi da motar da ba a iya kashewa a tayar wauta ce. Man kwalba na 'yan ruwa-ruwa ban taɓa ba ta ba. MX-5, a hanya ɗaya da ƙafa ɗaya, wajen lita 9 take ci.

Babu mai iya gyaran injin a Yamai ne?

Bakanikena mutumin Tawa ne, dattijo, ya fi shekara talatin yana kwance inji. Ranar da na fara kai masa ita ya leƙa, ya zagaya, ya sake leƙawa, ya ce, "Alhaji, wagga mota ina fistan nata?" Na yi masa bayani da sanda a kan ƙasa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Abin da na sani ni ka taɓawa. Wanga ciki ban buɗe shi." Wannan maganar ce ta sa na riƙe shi shekara shida. Birki, kuloci, lagireto, buji huɗu da bobin huɗu, duk shi ya yi, kuma ya yi da kyau. Na fi tsoron wanda zai ce komai ya iya.

Ko awon matsi na rotari daban ne. Kowane rota fuska uku gare shi, kowacce da nata awon, kuma dole a haɗa da saurin juyin inji lokacin awo. Ma'aunin fistan na garejinmu lamba ɗaya yake nunawa, mafi girma, ya ɓoye maka fuskar da ta mutu.

Sai kaya. Ka shiga wurin 'yan kayan gyara ka ce Toyota, yara biyar za su ruga. Ka ce RX-8, sai a ce ka kawo tsohon a gani. Komai sai an aiko daga Faransa ko Dubai. Da can ta Kwatano kaya ke zuwa, su haye gadar Malanbil zuwa Gaya. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 hanya ta koma ta Lome da Burkina, ta yi tsawo, ta yi tsada. Ƙananan abubuwa na samu masu zuwa ta jirgi su riƙo mini. Amma sake ɗaure inji gaba ɗaya aiki ne na wanda ya taɓa yi, da kayan aunawa, a ɗaki marar ƙura. Tsohon inji na kwance kuwa caca ne: wataƙila ka sayi irin ciwon da kake gudu.

Me ya hana ka sa mata injin Toyota ka huta?

An ba ni wannan shawarar ya fi sau ashirin. Injin ne motar. In na cire shi, na rage da mota mai ƙasa-ƙasa, mai wahalar kaya, marar kukan da na saye ta dominsa.

In sauƙi kake nema, me ya sa ba ka sayi Corolla ba?

Akwai Corolla a gidan, ta uwargida ce, ita ke kai yara makaranta. Ni ba sauƙi kaɗai nake nema ba. Abin da na so a RX-8, da na zauna na tantance, rabi kukan inji ne, rabi kuma yadda take shan kwana, yadda sitiyari ke gaya wa tafin hannu abin da taya ke taka. Rabin farko na haƙura da shi. Na biyun na same shi a MX-5, kuma ba a banza ba: ƙirar da aka yi daga 2005 zuwa 2015, wato zubi na uku, a kan ginshiƙin RX-8 aka gina ta, aka gajarta. Inji a gaba, ja a baya, nauyi rabe daidai tsakanin gaba da baya. 'Yan ɗaki ɗaya ne.

An fara nuna MX-5 a Cikago cikin Fabrairun 1989. A Amurka Miata ake ce mata, a Japan Roadster. A 2016 adadin da aka ƙera ya cika miliyan ɗaya, kuma babu motar wasa mai kujera biyu da aka sayar kamarta. Masu ƙirar suna da wata kalma ta Japananci, jinba ittai, wato doki da mahayi su zama jiki guda. Da na gaya wa bakanikena, cewa ya yi ai wannan ba sai an je Japan ba, duk wanda ya ga hawan sallah ya san shi.

Injin tawa lita 2 ne mai fistan huɗu, ƙarfin doki 160. RX-8 ta fi ta gudu, ba musu. Amma MX-5 ta fi ta sauƙin nauyi da kilo ɗari biyu da wani abu, kuma ƙarfinta na zuwa tun daga ƙasa, inda tuƙin cikin gari yake. Babban abin shi ne dangin injin: irinsa ne a Mazda 3 da Mazda 6 da wasu motocin Ford. Ranar da dattijon ya buɗe bonet ya ga bobin huɗu a jere, sai ya ce, "Yauwa. Yanzu munka san juna."

Mota marar rufi a ranar Yamai? Lafiyarka ƙalau?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi, da dariya. Rufin yana nan, kuma daga hantsi zuwa la'asar a rufe yake, na'urar sanyi na aiki. Ko mahaukaci ba zai buɗe kai ƙarfe biyu na rana a watan Mayu ba. Tamfol ɗin ma ba ya tare zafi kamar ƙarfe. In ka ajiye ta a rana, sitiyari sai da tsumma.

Lokacinta bayan magariba ne, da kuma safiyar Disamba da Janairu in hazo bai yi yawa ba. Maƙalli ɗaya ne a sama da madubi: ka sake shi, ka tura rufin baya da hannu ɗaya, kana zaune. Ka gangara bakin kogi, ka hau gadar Kennedy, sanyin ruwa na bugun fuskarka, ƙanshin tsire na shigowa daga bakin hanya, kana jin kiran sallar isha daga masallatai uku a lokaci guda. Shekara nawa ina bin gadar nan a cikin gilashi, ban san tana da ƙanshi ba.

Hasara kuma an yi. Hulata ta zanna, sabuwa, iska ta ɗauke ta a tsakiyar gadar a makon farko. Ta madubi na ga tana birgima, wata babbar mota ta bi ta kanta.

Kujera biyu kacal. Iyalin fa?

Uwargida ta zagaya ta sau ɗaya ta ce, "Maigida, waccan ko banza tana ɗaukar mutum huɗu. Wannan kuma babur ne aka yi wa ƙofa?" Tana da gaskiya. RX-8 na da ƙananan ƙofofin baya masu buɗewa ta baya, yara biyu na zama daram. But ɗin MX-5 lita 150 ne: ƙaramin buhun shinkafa na shiga, ragon layya kuwa sai dai ya zauna a gaba. Yara yanzu layi suke yi, kowa da ranarsa. Ita kuwa sau biyu ta shiga, kuma ta ce kada in kuskura in buɗe rufin, ɗaurin ɗankwalinta ya fi motar tsada.

Yaya aka yi furfuren? Wa ya cika wa wani?

Ni na cika, kuma ya yi mini zafi. Mota mai ƙarfin doki 231, mai kujera huɗu, a ce ita za a ɗora wa kuɗi. Amma kasuwa ba ta sayen ƙauna. Dillali ne ya haɗa ni da wani matashi mai MX-5, wanda ya daɗe yana ganin RX-8 a wasannin kwamfuta yana mafarkinta.

Tun a hanya dillalin ya ja ni gefe ya ce mu yi cinikin da sassafe, inji da sanyi, za ta tashi bugu ɗaya. Na gane nufinsa. Na ce a'a, da azahar za mu haɗu. Na ba yaron makulli ya zagaya da ita har ta yi zafi, na ce ya kashe, ya sake tayarwa. Ta ƙi. Na gaya masa abin da hakan ke nufi da abin da gyaran zai ci. Addini bai yarda a ɓoye aibin haja ba, kuma Yamai ba ta da girman da za ka cuci mutum ku daina haɗuwa. Dillali ya ɓata rai, don la'adarsa ta ragu. Yaron ya yi shiru, ya shafa bonet, ya ce, "Yaya, na ji. Ina so a haka." Na dube shi na ga kaina shekara shida baya. Ciko ya ƙaru a kaina, muka tafa.

Takardu kuwa kada ka yi wasa da su: kart giris, takardar duwan, inshora, sannan ka durƙusa da kanka ka karanta lambar shasi ka gwada da ta takarda. A rubuta yarjejeniya gaban shaidu, kowa ya mayar da mota sunansa da wuri.

Wanda zai sayi tsohuwar MX-5, me zai duba?

Tsatsa kafin komai. Mu nan ba mu saba tsoronta ba, amma motocin daga Turai suke zuwa, inda ake watsa gishiri a hanya lokacin ƙanƙara. Ka sa a ɗaga ta, ka ƙwanƙwasa ƙarƙashin ƙofofi da kewayen tayoyin baya. Sabon baƙin fenti a ƙasa ba abin murna ba ne, ka tambayi abin da ya rufe.

Sai rufi. Ka watsa masa bokitin ruwa ka shiga ka duba. Akwai magudanai a bayan kujeru masu fitar da ruwan rufin. A nan ƙura ke toshe su tun kafin damina, ruwan farko ya sauka a kan kafet. Ni sai da na ji ƙafata cikin ruwa a watan Yuli na koya. Akwai mai rufin ƙarfe da ke naɗe kansa cikin daƙiƙa 12, ya fi tare zafi, amma na guje shi: motoci ne na lantarki a ciki, in sun tsaya wa zai gyara?

Ka duba tankin robar ruwan lagireto, yana tsagewa in ya tsufa, kuma zafinmu na tsufar da roba da wuri. Ka duba baƙin mai, don injin ba ya yafe ƙarancinsa. A zubi na uku sarƙa ce ke daidaita lokacin aikin injin, a na farko da na biyu bel ne da ake canzawa. Kuma ka nemi mai sitiyari a hagu. Wadda ta fito daga Japan ko Ingila a dama yake, wuce tirela da ita a hanyarmu neman magana ne.

Za ta iya zuwa Tawa?

Ta je ta dawo. Kusan kilomita 550 ne: Dosso, Dogon Dutsi, Konni, sannan a karkata arewa ta Badagishiri. Da rana na yi tafiyar. Abu biyu ne matsala. Ƙasa-ƙasa take, duk tudun rage gudu sai an hau shi a karkace, rami kuwa sai an zagaya. Kuma ba ta zuwa da tayar safaya, sai ɗan famfo da ruwan liƙi, wanda ba ya maganin tayar da rami ya yaga. Na sayi safaya na ɗaure ta a kujerar fasinja da bel. A wani shinge jandarma ya leƙo ya ce, "Malam, fasinjan naka yana da katin ɗan ƙasa?"

Rotari ya mutu ke nan?

A Turai an daina sayar da RX-8 tun 2010 saboda dokar hayaƙi, ƙira ta tsaya a 2012. A 2023 Mazda ya dawo da rotari a motarsa ta lantarki MX-30, rota ɗaya mai cc 830, amma janareta ne kawai mai cajin batir, ba ya juya taya.

Kana kewarta?

Ina yi. Son maso wani ne, na sani, amma ina yi. Yaron yakan kira ni. Ya sa mata sabon sitata mai saurin juyi, wanda ke ɗan rufa wa raunin matsi asiri, yana kuma tara kuɗin ɗaure inji. Na ba shi galan ɗin baƙin man da sauran buji biyu da suka rage mini.

Makon jiya ina tsaye a danja kusa da Katako, rufi a buɗe, sai na ji kukan daga baya, siriri, yana hawa ba ya tsayawa. Tun kafin in waiga na san ita ce. Ya tsaya a gefena ya sauke gilashi, muka gaisa. Na ce, "Ka duba mai?" Ya ce ya duba da safe. Wuta ta ba da hannu, ya wuce ni tun kafin in sa giya biyu. Na lura fitilar birkinta ta hagu ba ta kamawa, na ce in na isa gida zan kira shi.